Zaman waiwaye: duba aikin jami'an kare yara ya wuce ƙirga fayil

A ofisoshi da yawa masu kula da yara da iyali, zaman shugaba da jami'arsa ba ya wuce minti 20, kuma tambayoyin ba sa canzawa. Fayil nawa ne a hannunki? Kin je gidan? Kin cike fom? Yaushe za a rufe wancan? Ita kuma ta ce "an je, ranka ya daɗe", "an cike", "komai lafiya lau". A sa hannu, a tashi. Wannan ƙirga ce, kuma dole a yi ta, domin hedikwata da masu ba da kuɗi suna jiran alƙaluma. Sai dai ƙirga ba ta taɓa kaiwa ga tambayar da ran yaro ya rataya a kanta: anya yadda jami'ar nan ta fahimci gidan nan, haka gidan yake?

Zaman waiwaye shi ne wurin wannan tambayar. Shugaba ya zauna da jami'a su ɗauki kes ɗaya, su bi shi daki-daki: me ta gani, me ya ɗarsu a ranta, me hakan ke nufi, me za a yi. Abu ne mai tsari da lokaci da rubutu, ba hirar shan shayi ba.

Abin da ya faru da Victoria Climbié

Wannan labari yana kusa da mu fiye da yadda ake zato, domin labarin riƙo ne. An haifi Victoria a Kodebuwa a 1991. Iyayenta suka ba da ita ga wata 'yar'uwar mahaifinta, wadda ke matsayin kaka a wurinta, don ta yi karatu a Turai. Suka fara zama a Faransa, sannan suka isa Landan a watan Afrilun 1999. Ranar 25 ga Fabrairun 2000 ta rasu tana da shekara 8, da tabo 128 a jikinta, a hannun mariƙiyar da saurayinta.

Ba ɓoyayya ba ce. Ofisoshin jin daɗin jama'a huɗu sun san da ita, rukunin 'yan sanda masu kare yara guda biyu sun san da ita, an kwantar da ita a asibitoci biyu. A asibitin farko likita ta ce tabon jikinta ƙazwa ce, kuma wannan maganar ta riƙa bin fayil ɗin daga tebur zuwa tebur ba wanda ya sake taɓa ta. An ga yadda yarinyar take ƙamewa a tsaye in mariƙiyarta ta shigo, aka fassara shi da tarbiyya da girmama manya irin na gidajen baƙar fata. An rufe fayil ɗinta a ranar da ta rasu. Rahoton binciken da Lord Laming ya fitar a 2003 ya nuna cewa jami'ar da ke riƙe da kes ɗin ba ta daɗe a aikin ba, aiki ya yi mata yawa, kuma ba ta samu shugaban da zai zaunar da ita ya bi tunaninta yadda ya kamata ba.

Kafin wannan, a 1999, wata masaniyar aikin kare yara, Eileen Munro, ta bi rahotannin bincike 45 na irin waɗannan al'amura a Birtaniya, daga 1973 zuwa 1994. Abin da ta fi cin karo da shi shi ne jinkirin sauya ra'ayi: da zarar jami'i ya yanke hukunci a kan wani gida, sai duk wata sabuwar shaida ta zo ya lanƙwasa ta ta dace da hukuncinsa na farko. Ba mugunta ba ce, ba kuma jahilci ba, halin ƙwaƙwalwar ɗan Adam ne. Abin baƙin cikin shi ne mutum da wuya ya kama kansa yana yin haka. Laifi tudu ne. Shi ya sa ake buƙatar mutum na biyu, wanda bai shiga gidan ba, bai sha ruwan gidan ba.

Shimfiɗa kafin a fara

Lokaci ne farko. Ƙa'idar da ake bi a Ingila ita ce sabon jami'i ya zauna da shugabansa kowane mako a makonni 6 na farko, sannan duk mako biyu har ya cika wata 6, daga nan aƙalla sau ɗaya a wata, kuma kowane zama ya kai awa ɗaya da rabi ba tare da katsewa ba. A aikin jinƙai, irin wanda ƙungiyoyi ke yi a sansanonin 'yan gudun hijira a Borno da Yobe da Adamawa, ma'aunin da aka saba shi ne kada jami'i ya riƙe fiye da kes 25 a lokaci guda, shugaba kuma kada ya duba fiye da jami'ai 5 zuwa 6. A yi lissafi: 6 sau 25, yara 150 ke nan a wuyan shugaba ɗaya. Ba zai yiwu a yi waiwaye a kan kowanne ba, don haka zaɓen kes ɗin da za a ɗauka shi kansa gwaninta ne.

Rabon da nake ganin ya fi aiki a minti 90 shi ne: 10 na gaisuwa da tsara abin da za a tattauna, 20 na ƙirga, 50 na waiwaye a kan kes biyu, 10 na rubutawa. Cikin kes biyun, ɗaya jami'a ta zaɓa, ɗaya shugaba ya zaɓa. Kada shugaba ya zaɓi wanda ake ta hayaniya a kansa, wannan kowa ya riga ya sa masa ido. Ya ɗauko wanda ya yi shiru: wanda aka rubuta "ba a same su a gida ba" sau uku a jere, ko wanda ake shirin rufewa, ko wanda jami'a ke saurin cewa ba shi da matsala.

A rufe ƙofa, a kife waya, a sa ranar zama na gaba kafin a tashi. In aka ɗage, a sa wata rana cikin makon nan. Inda shugaba namiji ne jami'a mace, a nemi ɗakin da ake hango su amma ba a jin maganarsu. Tun zaman farko a faɗi iyakar sirri ƙarara: abin da ta faɗa game da kanta yana nan tsakaninsu, sai dai in ya shafi tsaron yaro ko nata, ko ya zama saɓa ƙa'idar aiki. Wanda bai ji wannan tun farko ba, ranar da aka kai maganarsa sama zai ce an ci amanarsa.

Zagaye huɗu, da misali

Tsarin ya samo asali daga zagayen koyo na masanin ilimi David Kolb na 1984, wanda masanin aikin kare yara Tony Morrison ya ɗora a kan duba aikin jami'an jin daɗin jama'a. A ɗauka ga kes kamar haka. Yarinya 'yar shekara 9, 'yar riƙo a gidan goggonta, tana talla bayan an tashi daga makaranta. Malamarta ta ga ƙuna a hannunta ta kai rahoto. Jami'a ta je, ta dawo ta rubuta: goggo ta ba da haɗin kai, ta ce kunu ne ya zube wa yarinyar, yarinyar mai ladabi ce, gida tsaf, babu abin damuwa.

Zagaye na farko shi ne abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji. A nan ake daɗewa, domin rahoton da ke sama kusan duka hukunci ne, ba gani ba. Shugaba ya ce: Malama, mayar da ni gidan nan. Da kika yi sallama wa ya amsa? Yarinyar tana ina a lokacin, me take yi? Da kika ce mai ladabi ce, me ta yi da idonki ya gani? In amsar ita ce ta durƙusa, ta sunkuyar da kai, ba ta ce uffan ba har aka tashi, to wannan yana iya zama ladabi, yana iya zama tsoro, kuma daga waje kamarsu ɗaya. Kin gan ta ita kaɗai? Minti nawa? A ina, kuma goggo tana iya jiyo ku? Da wane harshe? In yarinyar Kanuri ko Fulatanci take ji, wa ya yi tafinta? Tafintan da ya fito daga cikin gidan ba tafinta ba ne, mai tace magana ne.

Sai ƙunar kanta. A wane wuri take, yaya girmanta, yaya bakinta? Abu mai zafi in ya zube yakan bar tabo marar tsari, da fallatsi nan da can. Hannun da aka tsoma a ruwan zafi yakan fito da layi a miƙe, kamar an sa safar hannu. Yanke wannan aikin likita ne, amma jami'ar da ba ta duba ba ba za ta san akwai abin kai wa likita ba. Kada a manta da waɗanda ba a gani ba: maigidan yana ina, wane ne kuma ke kwana a gidan?

Zagaye na biyu shi ne abin da ya ɗarsu a rai, kuma nan ne shugabanni suka fi tsallakewa, wasu don suna ganin ɓata lokaci ne, wasu don sun gwada ba su samu komai ba. Dalilin rashin samun a fili yake. Ka tambayi Bahaushiya a gaban shugabanta "yaya kika ji?", amsar ita ce "ba komai" ko "alhamdu lillahi". Kunya da kara ba za su bar ta ta ce ta ji tsoro ba, balle ta ce gidan ya ƙona mata rai. Sai a bi ta gefe. A cikin gidajen da ke hannunki, wanne ne in an ce ki koma yau ƙafarki za ta yi nauyi? Wanne kika kwana da shi a rai? Da kika fito daga gidan, me kika fara yi? Akwai tambayar da kika so yi, bakinki ya yi nauyi? Sannan shugaba ya yi shiru. Ya ƙirga goma a zuci kafin ya sake magana, domin amsa ta gaskiya takan zo bayan ta farko.

Ba don lallashi ake wannan tambayar ba. Abin da jami'a ta ji labari ne game da gidan. In babbar mace mai katin aiki a wuya tana fargabar muryar maigidan nan, har tana zaɓen lokacin da ba ya nan, yaya yarinyar da ke kwana a gidan kullum? Kuma jin daɗi ya fi tsoro haɗari. Goggo ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, ta ce mata "'yata", ga ta sa'ar mahaifiyarta. Da wane baki za ta ce "Mama, ki ɗan ba mu wuri in gana da yarinyar"? Yawancin yaran da ba a gani su kaɗai ba, nauyin baki ne ya jawo, ba lalaci ba. In shugaba ya gano wannan, maganinsa ba faɗa ba ne. Su gwada maganar a nan ofis, shi ya zama goggo, ita ta nemi kalmomin da za su fita daga bakinta cikin ladabi, har sau biyu ko uku.

Zagaye na uku shi ne fassara. Ƙa'idar mai sauƙi ce: kada a tashi da bayani ɗaya. A rubuta aƙalla uku. Na ɗaya, hatsari ne kamar yadda goggo ta faɗa. Na biyu, hatsari ne amma ya faru domin an bar wa ƙaramar yarinya girkin gida ita kaɗai. Na uku, horo ne, wataƙila a kan kuɗin talla da bai cika ba. Ƙarƙashin kowanne a rubuta abin da ke goyon bayansa da abin da ke rushe shi. Sannan a yi tambayar da ta fi kowacce amfani a zaman: me za ki gani ko ki ji da zai sa ki sauya ra'ayinki? Jami'ar da ta ce babu, ta riga ta rufe kes ɗin a zuciyarta.

A nan ake buɗe jerin abubuwan da suka faru bisa kwanan wata, shafi ɗaya tak: ranar da aka kawo ta riƙo, ranakun da ta yi fashin makaranta, duk wani ciwo da aka taɓa gani, duk ziyarar da ba a same su ba. Abin da ke warwatse a fayil mai shafi 40 yakan fito fili in an jera shi a shafi ɗaya.

Kuskure biyu ke jiran mutum a wannan gaɓar, kuma suna fuskantar juna. Na farko kyautata zaton da ya wuce kima, da ruɗuwa da haɗin kai na baka. Peter Connelly, yaro ɗan wata 17 da ya rasu a Landan a 2007, ma'aikata daban-daban sun gan shi kusan sau 60 cikin watannin da suka gabaci rasuwarsa, mahaifiyarsa tana nuna musu tana ba da haɗin kai. Ma'aunin haɗin kai ba fara'a ba ce: me ya canza a rayuwar yaron tun zuwanmu na farko? Kuskure na biyu shi ne a ga gidan talaka, ba tsafta, uwa ta yi tsawa, a yanke cewa sakaci ne, alhali rashi ne. Shugaba ya riƙa tambaya: da gidan mai hali ne aka ga wannan ƙunar, me za mu yi? Da bukkar sansani ce fa?

Haka batun al'ada. Riƙo tsohon abu ne a wurinmu, kuma yara da yawa sun tashi a hannun goggo ko kawu cikin gata. Cewa "ai haka ake yi" ba ta wanke gida, kamar yadda kalmar riƙo ba ta kama gida da laifi. Hanya mafi adalci ita ce a gwada yarinyar da 'ya'yan gidan. Kwano ɗaya suke ci? Ina take kwana, su ina suke kwana? Wa ake tasa da asuba? Wa ke talla, wa ke islamiyya a lokacin? Da salla, an ɗinka mata?

Zagaye na huɗu gajere ne. Abu uku ko huɗu, kowanne da sunan mai yi da rana: a ga yarinyar ita kaɗai a makaranta kafin Alhamis, likita ya duba ƙunar gobe, a nemi iyayenta a ji rabon da su gan ta, a dawo da kes ɗin a zama na gaba. Shugaba shi ma ya ɗauki nasa, kamar buga waya asibiti ko raka ta gidan in akwai barazana.

Inda abin ke lalacewa

Mafi yawa shugaba ne ke ɓata shi da ba da amsa. Ya fi ta sanin aiki, lokaci ya ƙure, sai ya ce "je ki yi kaza". Ta yi, kes ɗin ya wuce, amma gobe za ta dawo da irinsa, domin tunaninsa ta ara ba nata ta gina ba. In shugaba ya lura shi ke fiye da rabin maganar, zaman ya koma lacca.

Sai kalmar "me ya sa". "Me ya sa ba ki gan ta ita kaɗai ba?" tuhuma ce a kunnen na ƙasa, komai taushin murya, kuma abin da take haifarwa kare kai ne, daga nan sai gyara rahoto. "Me ya tare hanya?" tana neman abu ɗaya ba tare da ta sa mutum a gaban alƙali ba. Jami'in da aka taɓa kunyatawa a kan kuskuren da ya faɗa da bakinsa ba zai sake faɗin wani ba, kuma kurakuran ba za su daina faruwa ba, jin su ne shugaba zai daina. In akwai batun ladabtarwa, a yi masa zama dabam da sunansa.

Akwai kuma zamewa zuwa ɗaya gefen, inda zaman ke komawa jinyar zuciyar jami'a. Ta yiwu ita ma 'yar riƙo ce a da, kes ɗin ya fama mata tsohon miki. Shugaba ya saurara, ya tambayi yadda hakan ke taɓa aikinta a wannan gidan, ya tsaya nan. Tonon rayuwarta ba huruminsa ba ne. In alamun sun yi yawa, kamar rashin barci, gudun ziyara, saurin fushi, ko kuma akasin haka, ta daina jin komai game da yaran, a rage mata kaya a haɗa ta da mai ba da shawara.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba: halin gidan yakan biyo jami'a har ofis. Wadda ke aiki da iyali masu kauce-kauce sai ta fara kauce wa shugabanta a kan wannan kes ɗin kaɗai, ta manta fayil, ta ce sai wani zaman. Wadda ke aiki da gidan da kowa ya fid da rai sai shugaba ya ji shi ma jikinsa ya mutu in ana maganarsu. Shugaba ya faɗi abin da ya lura da shi a sarari: "Malama, sau uku ke nan muna zuwa kan gidan nan lokaci ya ƙare mana. Ko haka ake yi miki a can?"

Ba kowane lokaci ne na waiwaye ba. In jami'a ta shigo ta ce an kulle yaro a ɗaki ko an yi wa yarinya fyaɗe jiya, ba a tambayar abin da ya ɗarsu a ranta. Umarni ake bayarwa, a tashi, a nufi asibiti da 'yan sanda. Waiwayen ya biyo baya cikin kwana biyu ko uku, kuma kada a bari ya wuce, domin irin waɗannan ne ke zama a ran ma'aikaci.

Inda shugaba ɗaya ke da jami'ai fiye da ƙima, zaman rukuni na mutum 5 zuwa 8 yana rage nauyi: ɗaya ta gabatar da kes cikin minti 10 ba tare da sunaye ba, sauran su yi tambayoyin gani da ji kawai, sannan ta koma gefe ta saurara suna kawo fassarori. Sai an tsare shi, in ba haka ba manya biyu za su cinye zaman, ƙanana su yi ta gyaɗa kai. A fara da mafi ƙanƙanta a aiki. Kuma ba ya maye gurbin zaman mutum biyu, domin ba wanda zai ce yana tsoron wani gida a gaban abokan aikinsa.

Rubutu wuri biyu ake yi. Abin da ya shafi yaro, wato fassarorin da aka auna, wadda aka fi karkata gare ta da dalili, da ayyukan da aka raba, ya shiga fayil ɗin yaron da kwanan wata da sa hannun shugaba. Abin da ya shafi jami'a, gajiyarta da horon da take buƙata, ya shiga takardar zamanta, ita da shugaba kowa ya riƙe kwafi. Dalilin sa fassarori a fayil ɗin yaro shi ne ma'aikata suna sauyawa, musamman a ƙungiyoyin da kwantiraginsu na wata 6 ne ko shekara. Sabuwar jami'a in ta tarar da "babu abin damuwa" kawai, daga nan za ta ɗora, goggo ta sake shimfiɗa mata tabarma. In ta tarar an rubuta cewa an karkata ga hatsari, amma ba a kore horo ba, kuma duk wani sabon ciwo ko fashin makaranta na mako guda ya sa a sake buɗe maganar, ta san abin da za ta duba ranar da ta fara yin sallama a gidan.